Jumlar lissafin da ta hango abin da ido bai taɓa gani ba

A cikin majami'ar Westminster da ke birnin Landan, inda Turawan Ingila suka binne sarakunansu da manyan mutanensu, akwai wani ɗan falalen dutse a daɓe, taku kaɗan daga kabarin Isaac Newton. Masu yawon buɗe ido sukan taka shi su wuce ba su ko duba ƙasa ba. A jikinsa an rubuta sunan Paul Dirac, da shekarar haihuwarsa 1902, da ta mutuwarsa 1984, aka kuma sassaƙa wata gajeriyar jumlar lissafi wadda alamominta duka-duka ba su kai goma ba: iγ·∂ψ = mψ.

Ba a nan aka binne mai sunan ba, kabarinsa yana jihar Fulorida ta Amurka. Dutsen tunawa ne kawai da aka ajiye a 1995. Wannan ɗan layi da ke jikinsa shi ne ya bayyana halayyar ilektiron, ƙwayar nan da ke ɗauke da wutar lantarki a cikin waya, wadda kuma ke zagaye da cibiyar kowace ƙwayar zarra. Shi ne kuma ya faɗi cewa akwai wata halitta da babu wanda ya taɓa gani ko ya yi zaton akwai ta, shekara huɗu kafin a ɗauki hotonta.

Tun daga lokacin labarin Dirac ya zama hujjar masanan fiziks da ke ganin cewa idan lissafi ya yi kyau, ya taƙaita, ya zauna daram ba tare da faci ba, to da wuya ya zama ƙarya. Yau wannan ra'ayi yana shan suka. Batun kuma ya wuce musun malamai a ɗakin shan shayi, domin a kansa ake yanke shawarar inda za a zuba biliyoyin kuɗi da abin da dubban matasan masu bincike za su ƙarar da ƙuruciyarsu a kai.

Mutumin da ba ya magana

An haifi Dirac a garin Biristol. Mahaifinsa ɗan ƙasar Suwizalan ne, malamin Faransanci, kuma ya kafa doka a gida cewa da Faransanci kaɗai za a yi masa magana a wurin cin abinci. Dirac ya ce daga baya da ya ga ba ya iya bayyana abin da ke ransa da wannan harshe, sai ya zaɓi yin shiru. Shirun ya bi shi har girma. Abokan aikinsa a Jami'ar Kambirij sun ƙirƙiro wani ma'auni don tsokana, suka sa masa suna "dirac", wato kalma ɗaya a awa ɗaya.

Injiniyan lantarki ya fara karantawa. Da ya gama a 1921 bai samu aiki ba, sai ya koma ga lissafi, daga nan ya wuce Kambirij a 1923. Ya isa a kan gaɓa. Tsakanin 1925 da 1926 Werner Heisenberg da Erwin Schrödinger suka fito da ilimin kwantam, wato dokokin da ƙananan ƙwayoyin halitta ke bi, waɗanda suka sha bamban da na dutse ko ƙwallo.

Sai dai akwai ɓaraka. Shekara ashirin kafin nan, a 1905, Albert Einstein ya nuna cewa lokaci da wuri a sarƙe suke, kuma duk dokar da za ta yi aiki a kan abu mai tsananin gudu dole ta ɗauki biyun a mataki ɗaya. Lissafin Schrödinger bai cika wannan sharaɗi ba. An gwada wani lissafin da ya cika shi, amma da aka auna shi da hasken da iskar haidirojin ke fitarwa sai amsarsa ta kauce. Ga kuma wata matsalar: a 1925 an gano cewa ilektiron na da wata ɗabi'a mai kama da juyin katantanwa, wadda ke mayar da shi ɗan ƙaramin maganaɗisu. Babu wanda ya san dalili. Wolfgang Pauli ya cusa wannan juyi cikin lissafin da hannu a 1927, kamar tela ya ɗora faci a kan riga don ta rufe jiki.

Dirac bai je ɗakin gwaji ba. A ƙarshen 1927 ya zauna da takarda da fensir yana neman jumla mafi sauƙi da za ta bi dokokin kwantam ta kuma bi na Einstein. Lambobin da aka saba da su suka ƙi ba shi hanya. Abin da yake buƙata shi ne wasu abubuwa da idan aka ninka su, wanda aka fara da shi yana canza amsa. A lissafin makaranta 3 sau 4 da 4 sau 3 duk ɗaya ne, amma a rayuwa sa safa kafin takalmi daban yake da sa takalmi kafin safa. Ya samu abin da yake nema a wasu jadawalan lambobi masu layi huɗu a tsaye, huɗu a kwance.

Da ya jera su, juyin ilektiron ya fito da kansa ba tare da an gayyato shi ba. Ƙarfin maganaɗisunsa ya fito daidai da abin da aka auna a wancan lokacin. Layukan hasken haidirojin ma suka zauna a gurabensu. An buga aikin a farkon 1928, Dirac yana da shekara 25.

Ragowar da ta ƙi ɓacewa

Jumlar ta ba da amsoshi ninki biyu na abin da ake buƙata. Duk wanda ya yi sakandare zai tuna cewa 5 sau 5 na ba da 25, haka ma -5 sau -5. Irin wannan ne ya faru: rabin amsoshin suna bayanin ilektiron da aka sani, sauran rabin kuma suna nuna ƙarfi da ke ƙasa da sifili, abin da a zahiri ba shi da ma'ana. Injiniya zai iya watsar da irin wannan amsa ya ci gaba da aikinsa. A ilimin kwantam ba a iya yin haka, domin lissafin da kansa yana ba ilektiron damar faɗawa cikin wancan ɓangaren.

A nan Dirac ya yi abin da masu yabonsa ba su cika ambata ba: ya ji tsoron lissafinsa. A wancan zamani ƙwayoyi biyu kaɗai aka sani, ilektiron mai caji mara kyau da furoton mai caji mai kyau, kuma ƙirƙiro sabuwar ƙwaya ba abu ne da ake yi da wasa ba. Sai ya ce wataƙila ragowar amsoshin furoton suke nufi. Robert Oppenheimer da Hermann Weyl suka nuna cewa hakan ba zai yiwu ba. Lissafin ya dage cewa nauyin sabuwar ƙwayar daidai yake da na ilektiron, alhali furoton ya ninka ilektiron nauyi sau 1,836. A 1931 Dirac ya miƙa wuya ga abin da ya rubuta da hannunsa, ya ce lallai akwai kishiyar ilektiron, mai nauyi irin nasa amma cajinta akasin nasa, kuma in suka haɗu sai su halaka juna su zama haske.

Can a Kalifoniya wani matashi mai suna Carl Anderson yana nazarin ƙwayoyin da ke zubowa duniya daga sararin samaniya. Kayan aikinsa wani akwati ne cike da tururi, wanda duk ƙwayar da ta ratsa sai ta bar siririn layi, kamar farin layin da jirgin sama ke bari a gajimare. Ya sa akwatin a tsakiyar babban maganaɗisu wanda ke lanƙwasa hanyar ƙwayoyin, masu caji mai kyau gefe guda, masu mara kyau ɗaya gefen. Damuwarsa ita ce hoto ba ya nuna ko ƙwayar daga sama ta sauko ko daga ƙasa ta hau. Sai ya gitta farantin dalma mai kaurin milimita 6 a tsakiya. Ƙwayar da ta huda dalma gudunta zai ragu, lanƙwasarta ta ƙaru, daga nan a gane inda ta fito.

Ranar 2 ga Agusta, 1932, ya samu hoton wata ƙwaya mara nauyi kamar ilektiron, amma ta karkata ɓangaren da bai kamata ba. Ita ce aka sa wa suna fozitiron. Anderson ya ce ba hasashen Dirac yake bi ba, karo ya yi da ita. A shekarar da ta biyo baya Patrick Blackett da Giuseppe Occhialini a Kambirij suka tabbatar da ita, suka kuma danganta ta da lissafin. Dirac ya karɓi kyautar Nobel a 1933 tare da Schrödinger, Anderson ya karɓi tasa a 1936. An samar da kishiyar furoton a Bakili ta Kalifoniya a 1955.

Yau fozitiron ma'aikaciyar asibiti ce. A hoton da likitoci ke kira PET, ana yi wa majiyyaci allurar wani nau'in sukari da aka liƙa wa sinadari mai fitar da fozitiron. Ƙwayoyin ciwon daji sun fi sauran sassan jiki zarin sukari, don haka can yake taruwa. Duk fozitiron da ta fito sai ta gamu da ilektiron, su halaka juna, haske biyu su fita baya da baya, na'urar da ke zagaye da majiyyacin ta kama su ta nuna inda ciwon yake.

Me suke nufi da kyau?

Wanda bai yi nisa a lissafi ba zai iya mamakin yadda za a kira tarin alamomi kyakkyawa. Abin da masanan ke nufi ya fi kusa da yabon da ake yi wa ginin da babu tubalin da za a zare a cikinsa bai rushe ba. Suna son a fara da zato kaɗan a samu bayani mai yawa, kuma kada a samu wata lamba da aka murɗa da gangan don amsa ta fito daidai.

Misalin da suka fi so bayan na Dirac shi ne na James Clerk Maxwell, ɗan Sikotilan. A 1865 ya tattara duk abin da aka sani game da lantarki da maganaɗisu a jumloli kusan ashirin, har da wani ɓangare da ya ƙara wanda babu gwajin da ya nuna shi kai tsaye a lokacin. Da wannan ƙarin, lissafin ya nuna cewa lantarki da maganaɗisu na iya tafiya tare a matsayin igiyar da ke ratsa sarari. Da ya lissafa gudunta sai ya ga gudun haske ne. Maxwell ya rasu a 1879 bai ga tabbacin maganarsa ba. Heinrich Hertz ne ya samar da irin waɗannan igiyoyi a Jamus tsakanin 1887 da 1888, kuma su ne ke kawo labaran safe a akwatin rediyo da kira a wayar salula. Jumloli huɗun da ɗalibai ke haddacewa yau da sunan Maxwell, wani tsohon ma'aikacin gidan waya da ya koyar da kansa lissafi, Oliver Heaviside, na cikin waɗanda suka tace su daga waccan tarin a shekarun 1880.

Ginshiƙi na biyu shi ne daidaito. Idan aka juya faifai a kan tabarma, siffarsa ba ta canzawa. Dokokin halitta ma suna da irin wannan: gwajin da aka yi yau, in aka maimaita gobe ko a wani gari, amsa ɗaya zai ba da. A 1918 wata masaniyar lissafi Bajamushiya, Emmy Noether, wadda Jami'ar Gottingen ta daɗe tana hana ta muƙami saboda ita mace ce har sai da ta riƙa koyarwa da sunan David Hilbert, ta tabbatar da cewa kowane irin wannan daidaito yana haifar da wani abu da ba ya ƙaruwa ba ya raguwa. Rashin canzawar doka daga yau zuwa gobe, alal misali, shi ne tushen dokar nan da ke cewa ba a ƙirƙirar makamashi kuma ba a halaka shi. Daga nan neman daidaito ya zama babbar sana'ar masu nazarin ƙwayoyin halitta.

Da wannan makami Abdus Salam na Pakistan da Steven Weinberg da Sheldon Glashow na Amurka suka nuna a shekarun 1960 cewa ƙarfin lantarki da wani raunannen ƙarfi da ke aiki a cibiyar zarra asalinsu ɗaya ne. Sun yi hasashen wasu ƙwayoyi masu nauyi, W da Z, aka kuma gano su a cibiyar bincike ta CERN da ke kusa da Janeba a 1983, da nauyi kusa da yadda aka lissafa. Salam, wanda ya yi karatu a kwaleji ɗaya da Dirac a Kambirij, shi ne ya kafa cibiyar nazarin fiziks ta Tiriyaste a Italiya a 1964 domin masanan ƙasashe masu tasowa, inda 'yan Najeriya da na sauran ƙasashen Afirka ke zuwa ƙaro ilimi. Lambar yabon da cibiyar ke bayarwa tun 1985 sunan Dirac ta ɗauka, kuma ranar haihuwarsa, 8 ga Agusta, ake sanar da wanda ya ci.

Dirac da kansa ya mayar da abin aƙida. Da aka nemi ya rubuta wani abu a allo a Jami'ar Mosko a tsakiyar shekarun 1950, abin da ya rubuta shi ne cewa dole dokar fiziks ta kasance da kyan lissafi. A wata maƙala ta 1963 ya ƙara gaba, ya fifita kyan jumla a kan dacewarta da gwaji, bisa hujjar cewa saɓani da gwaji kan iya zama na ɗan lokaci.

Kyan ɗan maciji

Littattafan makaranta nasarori suke adanawa. Kyawawan ra'ayoyin da suka faɗi ƙasa sun fi yawa, ba a dai cika ba da labarinsu ba ne.

A 1596 Johannes Kepler, yana malamin lissafi a garin Graz na Ostiriya, ya buga littafi yana murnar ya gano sirrin tsarin sama. Duniyoyi shida aka sani a lokacin. Masana lissafin Girka kuma sun tabbatar tun da daɗewa cewa siffofi biyar ne kacal ake iya ginawa da fuskoki iri ɗaya ta kowane gefe, irin su siffar ɗan ludo. Kepler ya jera biyar ɗin a tsakanin hanyoyin duniyoyi shida, tazarar ta yi kusa da daidai. Ga dalilin da ya sa suke shida, ga dalilin nisan da ke tsakaninsu. Tsarin ya yi kyau matuƙa, kuma babu gaskiya a cikinsa ko kaɗan. An gano duniya ta bakwai a 1781.

Abin da ya ɗaukaka Kepler wani aikin ne daban. Da ya gaji ma'aunan Tycho Brahe, ya yi shekaru yana ƙoƙarin ɗora tafiyar duniyar Mas a kan cikakkiyar da'ira, siffar da masana suka shafe kusan shekara dubu biyu suna ganin ita kaɗai ta dace da sama. Lissafinsa ya kauce da ɗan abin da bai wuce rubu'in faɗin wata a ido ba. Ya san Tycho ba ya kuskure mai girman haka, sai ya haƙura da da'irar, ya karɓi wata siffa mai kama da da'irar da aka ɗan matse, ya buga a 1609. Galileo bai taɓa karɓar wannan ba har ya mutu. Yau kuwa ana koyar da dokokin Kepler a matsayin misalin kyau, abin da ke nuna cewa idon masana ma yakan koyi son abin da ya riga ya yi nasara.

Einstein bai tsira ba. Bayan nasarar nazariyyarsa ta 1915 a kan ƙarfin da ke jan abubuwa ƙasa, wadda aka gwada a lokacin husufin rana na 29 ga Mayun 1919 a tsibirin Firinsife da ke mashigin tekun Gini da kuma garin Sobral na Burazil, ya ƙara sakankancewa cewa sauƙin lissafi zai iya yi wa mutum jagora zuwa gaskiya. Ya shafe kusan shekara talatin na ƙarshen rayuwarsa yana neman jumlar da za ta haɗa wannan ƙarfi da na lantarki. Ya rasu a 1955 bai samu ba.

A farkon 1957 kuma Chien-Shiung Wu, 'yar asalin Chaina da ke aiki a Amurka, ta nuna da sinadarin kobal cewa halitta tana bambanta hagu da dama a wasu al'amuran cibiyar zarra. Kafin sakamakon ya fito, Pauli ya ce a shirye yake ya sa kuɗi mai yawa cewa daidaiton hagu da dama ba zai karye ba. Ya karye.

Mafi ɗaukar hankali shi ne abin da ya faru da Dirac kansa. A 1947 sababbin ma'aunai a Amurka suka nuna cewa jumlarsa ta ɗan kauce. Inda ta ce ƙarfin maganaɗisun ilektiron 2 ne cif, gwaji ya ba da kimanin 2.002. Don a bayyana wannan ɗan bambanci sai an yi lissafin da ke fitar da amsoshi marasa iyaka. Richard Feynman da Julian Schwinger da Sin-Itiro Tomonaga suka samo dabarar ɓoye marasa iyakan a cikin nauyi da cajin da aka riga aka auna, abin da ya rage kuma ya zama lamba mai ma'ana. Dirac ya ƙi yarda da dabarar har ƙarshen ransa. A ganinsa lissafin kirki yana watsar da abu ne don ƙanƙantarsa, ba don ya yi girman da ba a so ba. Amma wannan lissafi da ya raina shi ne yau ya dace da gwaji zuwa gurbi sama da goma bayan ɗigo, dacewar da ba a cika samun irinta ba a duk faɗin kimiyya. A gefe guda, ƙwayar maganaɗisu mai kai ɗaya da ya yi hasashe a cikin takardar nan ta 1931, da hujja mai ban sha'awa, har yau ba a same ta ba. Wata na'ura a Jami'ar Stanford ta nuna alama guda ɗaya ranar 14 ga Fabrairun 1982, ba ta sake ba.

Inda kuɗi ya shigo

A zamanin Anderson, mutum ɗaya da akwatin tururi ya isa ya raba gardama. Yanzu gwada ra'ayi ɗaya kan ci shekara ashirin da kasafin kuɗin da ya fi na wasu jihohi.

Babban injin karon ƙwayoyi na CERN, wanda ake kira LHC, rami ne mai zagayen kilomita 27 a ƙarƙashin iyakar Faransa da Suwizalan. Ranar 4 ga Yulin 2012 aka sanar da cewa ya gano ƙwayar Higgs, wadda aka yi hasashenta tun 1964. Wannan nasara ce babba ga lissafi. Sai dai masana da yawa sun sa ran wani abin ƙari. Tun shekarun 1970 ake gina wata nazariyya ta babban daidaito, wadda ke cewa kowace ƙwaya da aka sani tana da abokiyar tagwaitaka mai nauyi da ba a gani ba tukuna. Tana da farin jini domin tana maganin matsaloli da dama a lokaci guda. Za ta bayyana dalilin da ya sa Higgs ba ta da nauyin da lissafi ke nuna ya kamata ta yi, za ta kuma iya ba da ƙwayar da ake zaton ita ce baƙin abun nan da ke cike da sararin samaniya wanda ba a gani. An rubuta dubban takardun bincike a kanta, ɗalibai masu yawa sun yi digirin digirgir a cikinta. Sama da shekara goma injin yana aiki, ko tagwai ɗaya bai fito ba.

A 2018 wata masaniyar fiziks Bajamushiya, Sabine Hossenfelder, ta fitar da littafi tana zargin abokan sana'arta da barin son kyau ya ɓatar da su. Hujjarta mafi ƙarfi ta shafi Dirac kai tsaye. Abin da ya warware saɓani ne na gaske tsakanin nazariyyoyi biyu da gwaji ya riga ya tabbatar, waɗanda ba za su iya zama gaskiya tare ba sai an gyara wani abu. Rashin jin daɗin cewa wata lamba ta yi ƙanƙanta ko ta yi girma ba irin wannan matsala ba ce, domin babu wanda ya yi wa ɗan'adam alkawarin cewa lambobin halitta za su yi masa daɗin gani. Wannan bambanci yana da nauyi, kuma tarihin Maxwell da na Einstein na 1915 sun fi goyon bayansa fiye da yadda masu kare kyau ke so su amsa.

Su ma suna da abin faɗa. Frank Wilczek, wanda ya samu Nobel a 2004, ya rubuta littafi sukutum a 2015 yana kare ra'ayin cewa halitta na ɗauke da kyawawan tsare-tsare. Masu wannan ra'ayi na tunatarwa cewa Higgs ta ɗauki shekara 48 kafin ta bayyana, kuma igiyoyin girgizar sarari da Einstein ya yi hasashe a 1916 sai a 2015 aka kama su. Suna kuma tambaya: idan gwaji ya yi tsada haka, ra'ayoyin da za a iya gwadawa kuma ba su da iyaka, da wane ma'auni za a zaɓi wanda za a bi in an ajiye kyau da sauƙi?

Tambayar ba ta nazari ba ce kawai. CERN na duba yiwuwar haƙa sabon rami mai zagayen kimanin kilomita 91, wanda aka ƙiyasta matakinsa na farko zai ci kusan kuɗin Suwizalan faran biliyan 15. Ba kamar lokacin LHC ba, inda ake da tabbacin cewa ko dai a ga Higgs ko a ga wani abu a madadinta, wannan karon babu lissafin da ya ba da lamunin cewa akwai sabuwar ƙwaya a inda injin zai kai.

Akwai kuma wani hasashen da ake jira tun kafin a haifi yawancin masu aiki a kansa. A 1974 Howard Georgi da Glashow suka fito da hanya mafi sauƙi ta haɗa uku daga cikin ƙarfafan halitta huɗu a ƙarƙashin daidaito ɗaya. Sakamakonta shi ne furoton ba ya dawwama, zai ruɓe bayan shekarun da adadinsu ya kai lamba 1 mai sifili talatin ko kusa da haka a bayanta. Babu mai iya jiran wannan, amma in aka tara furoton masu yawan gaske wuri ɗaya, ya kamata a ga wasu na mutuwa kowace shekara. Sai aka cika manyan tankuna da tataccen ruwa a ƙarƙashin ƙasa, ɗaya a ramin haƙar gishiri a jihar Ohayo, ɗaya a ramin ma'adinai na Kamioka a Japan, aka kewaye su da na'urorin kama haske. Ba a ga ko ɗaya ba, wannan siga ta nazariyyar ta faɗi. Tankunan ba su tashi a tutar babu ba: a Fabrairun 1987 sun kama ƙwayoyin niyutirino daga wani tauraro da ya fashe, aikin da ya kai Masatoshi Koshiba ga Nobel a 2002.

Magajin tankin Japan, mai ɗauke da tan 50,000 na ruwa a zurfin mita 1,000, yana gadi tun 1996, kuma ya nuna cewa in ma furoton na ruɓewa ta hanyar da aka fi zato, sai bayan shekaru sama da 1 mai sifili 34. A wani dutsen da ke kusa an haƙa sabon kogo domin tanki na uku, wanda zai ɗauki ruwa kusan tan 260,000.